Marvel, DC ko mai dogon zango: wanne ya cancanci mamorinka da datarka?

A majalisun samari na Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, da zarar an taɓo finafinan jaruman da aka ciro daga littattafan labarai masu zane, gardama ta tashi: wasu Marvel, wasu DC, wato manyan kamfanoni biyu na Amurka masu waɗannan jaruman. Gardamar da daɗi, amma ba ta taimaki mai mamori giga 32 da datar mako guda ba. Abin da ya shafe shi shi ne, labarin da zai saya yana ƙarewa da kansa, ko sai ya sayo wasu goma kafin ya gane inda aka dosa? Sannan da wa zai kalla?

Marvel ce ta fi cin wuri. Jerin ya fara da Iron Man a 2008, kuma Avengers: Endgame na 2019 shi ne na 22. A ingancin 720p kowane fim yakan ci kusan giga ɗaya ko fiye, ka ga mamori ya kusa cika ke nan. Ba dole sai ka kwashe duka ba. Goma sun isa a bi labarin: Iron Man, The Avengers, Captain America: The Winter Soldier, Guardians of the Galaxy, Captain America: Civil War, Doctor Strange, Thor: Ragnarok, Black Panther, Infinity War, sai Endgame. Kada ka yarda a ba ka Endgame shi kaɗai don an ce shi ne babba. Awa uku ne, kuma rabinsa sakayya ce ga wanda ya san mutanen tun farko. Wanda ya fara da shi zai ga ana kuka bai san wa ya mutu ba.

Bayan 2019 ne masoya suka rabu. Kukan da aka fi yi shi ne an ɗaure finafinan da shirye-shiryen talabijin. Wanda ya kalli Doctor Strange na biyu, na 2022, bai ga kashi tara na WandaVision ba, zai tarar jarumar mai suna Wanda ta koma bos tana neman 'ya'yan da bai taɓa jin labarinsu ba. Wannan kuka da gaskiyarsa. In fim ɗaya kawai kake so daga Marvel, ɗauki Black Panther na 2018. Yana tsayawa da ƙafarsa, bos ɗinsa yana da hujjar da za a zauna a yi muhawara a kanta, har ma akwai faɗan farko-farko da aka nuna kamar a dajin Sambisa ake yin sa.

A ra'ayinmu, cinikin da ya fi riba yana ɓangaren DC: Batman uku na Christopher Nolan, wato Batman Begins na 2005, The Dark Knight na 2008, da The Dark Knight Rises na 2012. Giga huɗu sun ɗauke su, labarin ya fara ya ƙare, ba ka bin kowa bashin wani fim. Heath Ledger, wanda ya fito a Joker a na biyun, an ba shi kyautar Oscar a 2009 bayan rasuwarsa, kuma ko riƙaƙƙun 'yan Marvel ba sa musun wannan wasan. Akwai wata fa'idar ga gidajenmu. Batman mutum ne kawai mai dukiya da horo, babu tsafi a lamarinsa. Thor da Loki na Marvel kuwa daga gumakan mutanen arewacin Turai na dā aka ciro su, labarin Moon Knight kuma a kan na tsohuwar Masar aka gina shi. Magidanta da yawa ba sa son yara su saba da jin ana kiran wani abin bauta, don haka gara a sani tun kafin a kunna.

Akwai tarko a Justice League na DC. Fim biyu ne suna ɗaya. Na 2017 awa biyu ne, masoya da yawa sun ƙi shi, suka yi ta kiraye-kiraye har aka saki na Zack Snyder a 2021, mai awa huɗu. In na biyun kake so, ka ambaci sunan Snyder, ka kuma duba tsawon lokacin kafin ka biya. In ka ga baƙin fili a dama da hagu na hoton, kada ka koma shago da faɗa, da gangan aka yi shi a haka. The Batman na 2022 kuma kusan duk cikin dare da ruwan sama aka ɗauke shi. A 480p duhun yakan dunƙule ya zama tabo-tabo, ba ka bambance akta da bos, saboda matse fayil wuraren duhu yake fara lalatawa. Wannan 720p ne mafi ƙaranci, kuma a ɗaki ake kallonsa, ba a tsakar gida da rana ba.

Masu dogon zango lissafinsu daban. Arrow ya yi zango takwas, kashi 170, daga 2012 zuwa 2020. The Flash zango tara, kashi 184, daga 2014 zuwa 2023. Kowane kashi kusan minti 42 ne, ko a ƙaramin inganci ka ƙiyasta mega 150 zuwa 200, wato The Flash kaɗai zai haɗiye kusan giga 30. Yawancin masoya sun fi yabon zango biyun farko na Arrow da na farkon The Flash, daga nan maimaici ya yi yawa. Saya zango ɗaya ka gwada. Ka kuma sani akwai labaran da aka raba tsakanin shirye-shirye: Crisis on Infinite Earths kashi biyar ne a shiri biyar daban-daban, in The Flash kawai ka karɓa, tsakiyar labarin za ka samu, ba kai ba gindi. Daredevil na 2015 zuwa 2018 ya fi su tsari nesa, zango uku, kashi 39, faɗan hannu na gaske inda akta ke gajiya yana haki. Sai dai na manya ne, jini ya yi yawa.

Nan ne iyaye suka fi yin kuskure. Ganin zane ko riga mai launi ba ya nufin na yara ne. Invincible katun ne, amma ƙarshen kashinsa na farko kisa ne na tashin hankali. The Boys da Deadpool akwai batsa da ashar a fili. Duba alamar shekaru: R da TV-MA na manya ne zalla, PG-13, na 'yan shekara 13 zuwa sama, ma ba ya rasa sumba da matsattsun kaya. Ga yara, Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018 ya fi sauƙi. Ga 'yanmata, Ms. Marvel na 2022 kashi shida ne kan yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan a Amurka, har da masallaci da bikin Sallah a ciki, ko da yake babba ya fara dubawa tukuna.

Saura ta ina za a samo. Netflix da Prime Video suna aiki a Najeriya, hoto da sauti garau, kuma ita ce hanyar da masu fim suke samun haƙƙinsu. Amma yawancin kayan Marvel suna Disney+, wanda da aka kawo shi nahiyar nan a 2022 Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka buɗe wa. Jerin finafinan kowace manhaja yana canzawa, saboda haka ka bincika sunan fim ɗin kafin ka biya kuɗin wata. A Netflix matsakaicin inganci yana cin kusan mega 700 a awa, babba kuma har giga 3. Sauke fim da datar dare ya fi kallo kai tsaye.

Shagon turi ya fi arha, amma a tsaye ake gwada kaya. Sabon fim da bai jima da fita ba yawanci da kyamara aka ɗauko shi daga sinima, za ka ga CAM a sunan fayil, sauti kamar daga cikin rijiya. Tura gaba zuwa tsakiya da ƙarshe ka tabbatar bai yanke ba. In hoto na tafiya babu sauti a MX Player, galibi nau'in sautin EAC3 ne ko DTS, buɗe shi da VLC. In nau'in matse fayil ɗin x265 ne kuma wayarka tsohuwa ce, zai riƙa sarƙewa yana shan caji, nemi x264. Mamori mai giga 32 zuwa ƙasa yawanci tsarin FAT32 gare shi, ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4. Mamorin jabu kuma yakan nuna giga 64 alhali cikinsa bai kai ba, sai finafinan da aka tura daga baya su ƙi buɗewa. Wanda aka fassara da Hausa yana da daɗin kallo da iyali, amma gwada tsawonsa da na asali, don a wasu ana datse wurare. Mai son rubutun fassara a ƙasan hoto ya tabbatar fayil ɗin srt sunansa ɗaya da na fim ɗin, kuma wuri ɗaya aka ajiye su.