Kafin Ka Kashe Kuɗinka: Wanne Za Ka Saya Cikin Finafinan Hasashen Goben Baƙar Fata?

Tun bayan fitowar Black Panther a 2018, 'yan kasuwar fim suka gano cewa lakabin Afrofuturism, wato hasashen goben baƙar fata, yana jawo masu saye, har ta kai ga duk fim ɗin da aka ga baƙar fata a cikinsa riƙe da na'ura mai walƙiya sai a manna masa shi. Marubucin nan ɗan Amurka Mark Dery ne ya ƙirƙiro lakabin a farkon shekarun 1990, kuma ayyukan da ya sa wa sunan sun riga sunan zuwa duniya da shekaru. Wannan jagora ta mai neman reshen da ba ya shiga manyan gidajen silima ce, wato finafinan da kiɗa ke jan ragamar labarinsu, suke kuma tambayar wane ne ya haƙo ma'adinin da ke cikin wayar hannu da kuma wane ne ya ci ribarsa. Irin waɗannan ba su da yawa a kasuwa, ba su da arha, kuma ba kowanne ne ya dace da kowane mai kallo ba, don haka gara mutum ya san abin da zai tarar kafin ya biya.

Idan kuɗin fim ɗaya kawai ke hannunka, Neptune Frost ya kamata ka saya. Mawaƙi Saul Williams ɗan Amurka da Anisia Uzeyman 'yar asalin Ruwanda ne suka ba da umarninsa tare, ita ce kuma ta riƙe kyamara, aka fara nuna shi a bikin finafinai na Cannes a 2021, sannan kamfanin Kino Lorber ya rarraba shi a Amurka a 2022. Labarin a Burundi yake faruwa, amma a Ruwanda aka ɗauke shi, kuma da dama daga cikin makaɗan da suka fito a ciki 'yan Burundi ne da rikicin siyasar 2015 ya raba da ƙasarsu. Tun a farkon fim ɗin ake nuna ramin haƙar ma'adinin koltan, inda wani matashi mai suna Tekno ya dakata da aiki ya ɗaga dunƙulen ma'adini yana kallo, sai mai gadi ya buge shi ya faɗi matacce a gaban ɗan'uwansa Matalusa, su kuwa sauran mahaƙan suka mayar da makokin kiɗan ganga. Daga nan Matalusa ya gudu ya faɗa wani ƙauye da aka gina da tarkacen kwamfuta, inda waɗanda duniya ta kora suka taru suna kutse cikin intanet domin su girgiza masu cin moriyar guminsu.

Abin da ya sa na fifita shi a kan saura shi ne bai tsaya ga zagin Turawan jiya ba, ya bi sawun mulkin mallaka har cikin aljihun mai kallo. Daga koltan ake fitar da tantalam da ke cikin ƙananan sassan wayoyi da kwamfutoci, kuma mai kallon da ya san tarihin kuza da kwalambait a tsaunukan Jos, ko yuraniyam na Arlit, ba ya buƙatar wani ya yi masa sharhin wannan ɓangare. Kayan sawar kaɗai sun isa a sake kallo dominsu: Cedric Mizero, wanda ya tsara su, ya ɗinka wa Matalusa riga da maɓallan allon buga rubutu na kwamfuta, ya kuma mayar da wayoyin lantarki da ƙafafun keke kayan ado, ta yadda sharar da masu arziki suka zubar ta koma suturar masu tawaye. Sai dai dole mai saye ya san abubuwa biyu. Na farko, labarin ba ya tafiya a miƙe. Waƙa da mafarki da wa'azin siyasa suna shiga juna, kuma wanda ya saba da fim mai farko da tsakiya da ƙarshe zai iya gajiya kafin rabin mintuna 105 ɗin da fim ɗin ya ɗauka. Na biyu, Neptune, wanda aka sa wa fim ɗin sunansa, mata-maza ne, jarumai biyu ne suka fito a matsayinsa, Elvis Ngabo da Cheryl Isheja, kuma batun jinsi yana tsakiyar labarin. Mai sayen fim domin ɗalibai ko iyali ya kalla shi kaɗai tukuna, sannan ya yanke shawara da saninsa.

Wanda kuma kiɗan ne ya fi damunsa, ko yake son ganin tushen abin, sai ya dubi Space Is the Place na 1974, wanda John Coney ya ba da umarni, aka ɗauka a birnin Oakland na jihar Kalifoniya. Makaɗin jaz Sun Ra ne jigonsa, yana sanye da kayan fir'aunonin Masar, ya sauko daga kumbon da kiɗa ne man da ke tuƙa shi, da niyyar kwashe baƙaƙen fatar Amurka zuwa wata duniya inda za su fara rayuwa ba tare da farar fata a kansu ba. Akwai wurin da ya shiga wata cibiyar matasa suka yi masa kallon mahaukaci, ya amsa musu da cewa su ma ba a ɗauke su mutanen gaske ba a ƙasar da suke zaune, kuma wannan 'yar tattaunawa ta fi yawancin jawaban siyasa da aka sa a fim nauyi. Hoton ya tsufa, dabarun kyamarar na masu ƙaramin jari ne, wasan wasu jaruman ma da sauransa. A lura cewa nau'i biyu ne ke yawo: akwai gajere mai mintuna 64 wanda aka datse bisa son Sun Ra, akwai kuma dogo mai kimanin mintuna 82 wanda ya ƙunshi fitowar gidan karuwai da tsiraici. Ga aji ko taron jama'a gajeren ya fi dacewa, kuma a ganina bai rasa wani abu mai muhimmanci ba, tun da abin da ake nema a fim ɗin shi ne kiɗan Arkestra, ƙungiyar makaɗan Sun Ra, da kalaman shugaban nata.

Malamin da ke son abin koyarwa ya fi buƙatar The Last Angel of History, wanda John Akomfrah, haifaffen Accra mazaunin Ingila, ya yi tare da ƙungiyar Black Audio Film Collective a 1996. Mintuna 45 ne, rabinsa hira rabinsa ƙage, inda wani “ɓarawon bayanai” daga zamani mai zuwa yake tono tarihin kiɗan baƙar fata, yana haɗa Sun Ra da George Clinton da Lee Perry da makaɗan tekno na Detroit irin su Juan Atkins da Derrick May, tare da marubuta Octavia Butler da Samuel Delany. Babu fim ɗin da ya kai shi bayyana dalilin da ya sa jikokin bayi suka ga kansu a labaran baƙin halittu da aka sace aka kai wata duniya. Illarsa ita ce Turanci ne zalla mai sauri, cike da sunaye, kuma kusan duk hankalinsa yana kan Amurka da Ingila da Jamaika. Sau da yawa ta hannun masu rarraba finafinan ilimi ake samunsa, su kuwa farashin da suke sa wa jami'o'i ya ninka na mai kallo a gida, don haka a tabbatar da wanne ake biya.

Les Saignantes na Jean-Pierre Bekolo ɗan Kamaru ya fito a 2005, ya hasaso birnin Yawunde na shekarar 2025, ya kuma ci kyautar azurfa a bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 2007. Labarin 'yan mata biyu ne da wani babban jami'in gwamnati ya mace wa ɗayarsu a kan gado, suka shiga neman yadda za su yi da gawar, kuma ta wannan hanya Bekolo ya yi wa shugabannin da suka gaji kujerar Turawa tsirara. Fim ne mai kaifi, da Faransanci, amma batsarsa a fili take, ba na zaman falo ba ne.

Gajerun finafinai su ne hanya mafi sauƙi ta gwada ko wannan salo zai karɓe ka kafin ka zuba kuɗi mai yawa. Pumzi na Wanuri Kahiu 'yar Kenya, wanda ya fito a 2009, bai wuce kimanin mintuna 21 ba, yana nuna wata al'umma da ke kulle a cikin gini shekaru 35 bayan yaƙin duniya na uku, yaƙin ruwa, inda ake tace gumi da fitsari a mayar da su abin sha, mutane kuma suna samar da lantarki da ƙarfin jikinsu a kan na'urorin motsa jiki. Kiɗa ba shi da babban matsayi a cikinsa, amma duk wanda ya ga yadda tafkin Chadi ya janye zai fahimci tsoron da ke ciki. Afronauts na Nuotama Bodomo 'yar Gana, na 2014, ya ɗauko labarin gaskiya na Edward Makuka Nkoloso, malamin makarantar da ya kafa shirin zuwa sararin samaniya a Zambiya gab da samun 'yancin ƙasar a 1964. Idan kuwa yara ake nema wa, jerin zane mai motsi na Kizazi Moto da ya fito a Disney+ a 2023 ya fi waɗannan duka dacewa, ko da yake ya fi su laushi nesa ba kusa ba wajen maganar mulkin mallaka.

Bayan zaɓen fim sai zaɓen sigar da za a saya, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Haya ta intanet ita ce mafi arha, amma yawanci awa 48 ake ba mutum daga lokacin da ya fara kallo, alhali fim irin Neptune Frost sai a kallo na biyu yake buɗewa, don haka mai niyyar nazari gara ya saya gaba ɗaya. Manhajojin biyan kuɗin wata irin su MUBI suna sauya jerin finafinansu, kuma abin da ake gani a Amurka ba lallai ne a gan shi a Najeriya ko Nijar ba, saboda haƙƙin nunawa ƙasa-ƙasa ake sayar da shi. A bincika sunan fim ɗin daga ƙasar da ake zaune kafin a biya. A kuma lissafa data, domin fim mai tsawon Neptune Frost a hoto mai kyau zai iya cin gigabait 2 zuwa 3, ko fiye. Faifai ya fi tabbas ga wanda intanet ɗinsa ke yankewa, sai dai akwai tarkon yanki: faifan DVD na Amurka yanki na 1 ne, Najeriya da Nijar kuwa suna yanki na 5, haka Blu-ray na Amurka yankin A ne, Afirka tana B, saboda haka faifan da aka yi oda daga can zai iya ƙin tashi sai a na'urar da ba ta da kullen yanki.

Fassarar ƙasan allo ba abin wasa ba ce a nan. A Neptune Frost ana magana da waƙa da Kinyaruwanda da Kirundi da Suwahili da Faransanci da Turanci, kuma muhawarar fim ɗin a cikin baitocin waƙoƙin take, don haka kwafin da ya fassara hira ya bar waƙa ya ɓoye maka rabin abin da ka saya. Kwafin sata da ake turawa a waya ya fi kowanne wannan aibi, ga shi an matse sautinsa har gangunan Burundi sun koma kamar ana buga gwangwani, ga shi kuma yana hana masu aikin da suka haɗa jarinsu da gudummawar jama'a ɗan abin da zai ba su damar yin na gaba. Wanda zai kalla a waya ya nemi abin sawa a kunne mai ɗaukar ƙaramar murya da babba, wanda zai haska a majigi kuma ya fi kashe kuɗi a kan lasifika fiye da girman allo.

Ƙungiyar masu kallon fim ko sashen jami'a da ke son tara jama'a su sani cewa faifan gida da hayar intanet ba su ba da izinin nunawa a bainar jama'a ba, ko da ba a karɓi kuɗin shiga ba. Izinin daban ake nemansa daga mai rarraba fim ɗin, kuma wasiƙar neman ta fi saurin samun amsa idan ta faɗi ƙasa da gari, da ranar nunawa, da yawan kujeru, da ko za a sayar da tikiti, domin a kan waɗannan ake yanke farashi. Mai haƙƙin Amurka ba lallai ne shi ke riƙe da na Afirka ba, saboda haka a tambaye shi tun a wasiƙar farko wa ya kamata a tuntuɓa, a kuma fara neman makonni da dama kafin a buga sanarwa.