Feshin daskarar da bututu wajen cire radiyeton ɗumama ɗaki: yana aiki, amma da sharaɗi

A gidajen Birtaniya, inda boila ke tura ruwan zafi zuwa radiyeton kowane ɗaki, abin da ya fi cin lokaci wajen cire radiyeto ɗungurum shi ne zubar da ruwan gidan gaba ɗaya. Feshin daskarar da bututu an yi shi ne don a huta da wannan wahala. Na yi aiki da shi a kan bututun jan ƙarfe mai milimita 15, kuma na gamsu da shi, sai dai ba kowane aiki ne ya dace da shi ba.

Kayan ba su da yawa: gwangwanin feshi, rigar soso da ake naɗa wa bututu, da siririyar roba mai kai feshin ciki. Ana ɗaure rigar tamau, a fesa, ruwan wurin ya zama ƙanƙara ya toshe hanya. Cikin minti goma ya kama, kuma yakan riƙe wajen rabin awa. Wannan ya isa a yanke bututu a sa masa murfin toshiya, muddin an jera sifana biyu, abin yanka da murafun a gefe tun kafin a fara. Bututun shiga da na fita duka sai an daskarar, don haka gwangwani ɗaya ƙarami ba ya wadatarwa.

Inda ake samun matsala shi ne gaggawa. Ruwa mai ɗumi ko mai motsi ba ya daskarewa. A kashe boila da famfon da ke tura ruwanta, a bari bututu ya huce sarai. Idan gidan mai rufaffen layi ne, wato wanda ruwan ɗumamarsa ke kulle cikin matsi, allurar matsin ruwa takan tsaya tsakanin 1 da 1.5 a ma'aunin matsi na bar, a sauke ta zuwa sifili ta ƙaramin bawul ɗin fitar da iska na radiyeto, domin ko ƙanƙarar ta saki, abin da zai zubo kaɗan ne. Rigar kuma ta yi nesa da wurin yanka da aƙalla santimita 20. Ban da liƙe bututu da wuta a kusa: zafin zai narkar da toshiyar, wasu feshin ma suna kamawa da wuta. Murfin da ake ɗaurewa da noti ko na turawa shi ne daidai. A buɗe taga, a sa safar hannu, don sanyinsa na ƙona fata.

Wanda zai sauke radiyeto don fenti kawai, kada ya ɓata kuɗinsa. Rufe bawul biyun da ke gefunan radiyeton ya wadatar. Na gefen da ke da hular roba, a ƙirga juyi nawa aka yi masa, a mayar da shi haka daga baya, in ba haka ba zafin ɗakuna zai rikice. Na ɗaya gefen kuwa, mai lambobin daidaita zafi, ba abin yarda ba ne: idan yana kan alamar sanyi, da ɗaki ya yi sanyi sosai cikin dare sai ya buɗe da kansa, ruwa ya malale. A cire kansa a ɗaura murfin da ke danne tsinken bawul ɗin.

Abin da feshin ba ya magancewa shi ne baƙar lakar tsatsa da ke kwance a gindin radiyeto. Idan ta taɓa kafet, da wuya ta fita. A sassauta noti a hankali, a tari ruwan da faranti mai faɗi, a toshe bakunan da tsumma, sannan mutum biyu su ɗaga shi daga maratayarsa su kifa shi. Bayan an gama, a ƙara ruwa har allura ta koma wurinta, a fitar da iska daga sauran radiyetocin, a ƙara maganin hana tsatsa irin su Fernox F1 ko Sentinel X100 gwargwadon ruwan da aka zubar. Cikin boilar gas kuwa, wannan aikin mai rajistar Gas Safe ne, wato rajistar masu izinin aikin gas a Birtaniya.