Pacifica da Katana a ɗakina na Samaru: wata bakwai ina kaɗawa da yatsu

Kawuna mai gurmi ne, kuma a hannunsa na fara gane cewa babban yatsa aikinsa daban, manuni aikinsa daban. Shi ya sa ko da na koma jita ban taɓa sabawa da ɗan robar nan da ake kaɗawa da shi ba. In na riƙe shi sai in ji kamar an miƙo min cokali a gaban tuwo. Sautin da nake nema shi ne wanda kowace tsirkiya za ta yi maganarta a ji ta, irin wanda ake ji a hannun marigayi Ali Farka Touré na Niafunke a Mali, ko Mark Knopfler na Birtaniya da ya yi suna da kaɗa jitar Stratocaster da yatsu zalla. Wannan bayanin kayan da na saya ne don wannan aikin: jita Yamaha Pacifica 112V da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, Boss Katana-50.

Jitata ta farko ba ta da suna na kirki, arha ce ta ja ni. Tsirkiyoyinta sun yi nesa da wuya har yatsuna suka yi kanta kafin in iya komai, kuma duk abin da na kaɗa sai ya fito a dunƙule kamar ana magana cikin tulu. Na daɗe ina zargin hannuna. Ashe ba laifinsa ba ne gaba ɗaya.

Pacificar ta hannu ce, a wani shago a Sabon Garin Zariya na same ta, inda masu kiɗan coci ke sayen kayansu. Yaron shagon ya jona ta, ya murɗe amfilifaya har ƙarshe, ya saki wata ƙara mai gurnani da ta sa mai lemun da ke bakin ƙofa ya waigo. Ya ce, "Oga, ka ji wuta!" Na ce masa, "Ƙanena, don Allah rage, ka mayar da ita wankakken sauti, ka ba ni kujera." Na zauna kusan minti arba'in ina taɓa ta a hankali. Duk wanda zai sayi jita don kaɗawa da yatsu, haka ya kamata ya gwada ta. Gurnani yana rufe aibi, kowace jita za ta yi kama da gwana a cikinsa.

Abin da ya fi komai tasiri a sautin shi ne maganaɗisun da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya, wanda masu jita ke kira fikof. Iri biyu ne. Akwai mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster da kamfanin Fender ya fitar a 1954, sautinsa siriri ne, garau, yana ɗauko har gogar fatar yatsa a jikin tsirkiya. Akwai kuma mai naɗi biyu, wanda Gibson ya fara ɗorawa a jitocinsa a 1957, sautinsa ya fi kauri, kuma naɗin biyu suna kashe zugin wutar lantarki a tsakaninsu. Pacifica 112V tana da duka: biyu masu naɗi ɗaya a wajen wuya da tsakiya, ɗaya mai naɗi biyu a gindi. Makunninta na zaɓen fikof mataki biyar ne. Ni kusan kullum a mataki na huɗu nake, inda na wuya da na tsakiya suke haɗuwa. A nan babban yatsa yana ba da amo mai taushi a ƙasa, manuni da na tsakiya suna tsinko na sama kamar ɗigon ruwa a kwano. Na gindin ba kasafai nake taɓa shi ba, sai dai in na ja maɓallin sauti sama, wanda ke raba naɗin biyu ya bar ɗaya yana aiki. Sai ya zama mai kaifi, ya dace da salon 'yan Agadez irin su Bombino, in ka ga dama ka ɗan taɓa.

Sai dai mai naɗi ɗaya yana da halinsa, kuma ba na wannan jitar kaɗai ba ne, kowace irinsa haka take. Yana jawo zugi. Ranar da aka ɗauke wuta maƙwabcina ya tayar da janareta na jona, sai na ji wani "zzzz" kamar ƙudan zuma sun shiga sifika. Na gano dabaru biyu da kaina: in juya kujerata har in sami kusurwar da zugin ya lafa, in kuma nisanci cajar waya da fitilar nan mai arha ta rufi. Kebul mai kyau ma ya rage wani abu. Bai tafi duka ba, amma da zarar ka fara kaɗawa ba ka jin sa.

Jitar ta zo min da tsirkiya masu lamba 9, sirara. Ga mai kaɗawa da yatsu sun yi laushi da yawa, in ka ɗan finciko sai su mari ƙarafunan wuya. Na sa masu lamba 10. Wannan ya ƙara jan wuyan, dole aka daidaita sandar ƙarfen da ke cikinsa. Wani dattijo a Wusasa da ya daɗe yana kaɗa jita a coci shi ya yi min. Ya ɗora ta a cinya, ya runtse ido ɗaya yana leƙen wuyan daga sama kamar kafinta yana duba katako, ya murɗa kaɗan, ya ajiye ta ya sha shayinsa, ya sake dubawa. Na ce, "Baba, ba za a ƙara murɗawa ba?" Ya ce, "Yaro, itace ne, sai ka ba shi lokaci ya ji abin da ka gaya masa." Kuɗin da na ba shi bai kai na tsirkiya biyu ba, amma bayan aikinsa sai ka ce wata jita aka musanya min.

Shi ne kuma ya gargaɗe ni kan hunturu. Iskar Zariya daga Disamba zuwa Fabrairu tana busar da itace ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakin ƙarafunan wuya su ɗan leƙo suna kartar hannu. Haka kuwa aka yi a watan Janairu. Tun daga nan ba na barin ta a jingine da bango, cikin jakarta take kwana, da ɗan soso mai danshi a cikin robar da na huhhuda.

Amfilifayar daga Legas aka aiko min ita ta mota, na je Kwangila na karɓa. Na so irin ta da mai bawul, mai ƙananan kwalabe a ciki, kamar Fender Blues Junior mai wat 15, domin babu musu tana da wani ɗumi da yatsu ke so. Na haƙura saboda kuɗinta, da kuma tunanin wutarmu da ke hawa da sauka, ga wahalar neman kwalaben in sun mutu. Katana ba ta da wannan rigimar. Wat 50 ce, sifikarta inci 12, kuma faɗin sifikar nan shi ne abin da ya fi burge ni. Na gwada ƙananan masu inci 8, amon babban yatsa yana fitowa a tsuke. A wannan kuwa yana da ƙirji.

Tana da nau'ukan sauti da yawa, amma ni ɗaya nake amfani da shi, wanda aka rubuta Clean, wato wankakken sauti. Maɓallin gurnani ina ajiye shi ƙasa, kamar hannun agogo a ƙarfe tara. Ina rage na kauri kaɗan don kada babban yatsa ya danne sauran, in ɗan ɗiga amsa-kuwwa kamar gishiri a miya. Shi ke nan. Tana da manhajar da ake haɗawa da kwamfuta a zaɓi sautuka barkatai, na buɗe sau biyu na rufe. Wanda ke son wasa da irin waɗannan zai sha daɗi, ni dai kuɗin wannan ɓangaren kyauta na bayar.

Abin da ya zaunar da ni lafiya da uwargida shi ne makunnin rage ƙarfi. Ana iya sauke ta daga wat 50 zuwa 25, ko zuwa rabin wat. Bayan sallar isha'i a rabin wat nake kaɗawa, yara na barci a ɗaki na kusa, sautin kuma bai rame ba. Nauyinta ya haura kilo 11, saboda haka a acaɓa ba ta da daɗin ɗauka, sai Keke. Ba ta aiki da batir. Wanda yake unguwar da wuta ke baƙunta, kuma ba shi da sola, ya duba Roland Micro Cube, tana tashi da ƙananan batura shida, sai dai kada ya sa ran ƙirjin da na ambata.

Abu ɗaya kafin a biya kuɗi, musamman kayan hannu: a juya bayan amfilifaya a karanta. Wutarmu volt 230 ce, ta Amurka 120. Wani abokina a unguwar Kongo ta Zariya ɗan'uwansa ya kawo masa tsarabar amfilifaya daga Amurka, murna ta sa bai duba ba ya cusa a soket. Ƙauri kawai muka ji. Tawa ta dace da wutarmu, duk da haka ta sitabilaiza nake jona ta.

Makon jiya kawu ya zo daga ƙauye ganin likita ya kwana a wurina. Na kunna masa a rabin wat, na kaɗa wani tsohon taken da ya koya min ina yaro. Ya saurara har na gama, ya karɓi jitar ya jujjuya ta, ya ƙirga tsirkiyoyin da yatsa. Ya ce shida sun yi wa mutum ɗaya yawa, amma in sake kaɗa masa, kuma in daina gaggawa da babban yatsa.