Ofishin akanta a Birnin Kebbi da ke gyara fom ɗin haraji ga waɗanda suka rasa aiki

Mafi yawan masu zuwa ofisoshin akanta a Birnin Kebbi 'yan kwangila ne da masu shaguna da ke neman takardar shaidar biyan haraji cikin gaggawa, shi ya sa ba kowane ofishi ba ne yake da haƙurin zama da mutumin da aka sallama daga aiki, wanda kuɗin da ya shigo masa a shekara guda ya fito daga wurare daban-daban. Ƙaramin ofishin da nake bayani a kai, wanda ke saman wani bene ba nisa da babbar kasuwa, yana da wannan haƙurin, kuma shi ne babban abin da zan yaba masa.

Ƙanena ne ya buƙaci aikinsu. Kamfanin da yake wa aiki ya rage ma'aikata a 2024, aka biya shi kuɗin sallama a dunƙule, daga baya ya ciri wani abu daga asusun fanshonsa, sannan ya shiga saye da sayar da shinkafa tsakanin Argungu da Jega. Da ya cike Fom A, wato fom ɗin da mutum ke bayyana kuɗin shigarsa na shekara ga hukumar haraji ta jiha, kafin wa'adin 31 ga Maris, 2025, albashin watannin da ya yi aiki kaɗai ya rubuta, domin a ganinsa wanda ba shi da aiki babu ruwansa da haraji. Hankalinsa bai tashi ba sai da ya karanta a intanet yadda Amurkawa ke gyara nasu da fom 1040-X.

Abin da akantan ya fara yi shi ne kawar da wannan ruɗanin. Ya bayyana cewa a Amurka gwamnatocin jihohi suna biyan alawus ga wanda ya rasa aiki, ana ɗaukar wannan alawus a matsayin kuɗin shiga da ake biya wa haraji, kuma ana aika wa mutum fom 1099-G da ke nuna adadinsa, amma mu nan ba mu da irin wannan tsarin, don haka shawarar da aka rubuta wa mutanen can ba za ta yi wa mutumin Kabi amfani ba. Daga nan ya nemi takardar sallama, da takardun albashi, da bayanan banki na shekarar gaba ɗaya, ya ɗauki jan biro yana bin kuɗin da suka shigo layi-layi, yana tambayar asalin kowanne. Duk inda ƙanena ya ce bai tuna ba, sai ya ce masa, "Malam, kada ka yi kintace, je ka nemo mini takardar."

A nan ƙwarewarsa ta fito fili, domin kuɗin da muke kira na sallama ya raba su gida-gida. Bashin albashi da kuɗin hutu da aka haɗa a ciki albashi ne, kuma haraji ya hau kansu. Diyyar rasa aiki kuwa hukuncinta daban ne: a dokar da ke aiki a 2024, naira miliyan 10 na farko ba a taɓa su, abin da ya haura haka ne ake cire wa harajin kashi 10 cikin ɗari. Kashi 25 cikin ɗari na asusun fansho, wanda Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cira idan ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba, shi ma ya ware shi gefe. Abin da ya rage shi ne ribar shinkafa, wadda ƙanena bai ɗauke ta a bakin komai ba, alhali ita ce babban giɓin da ke cikin fom ɗinsa.

Na yi masa tambayar da na san mutane da yawa za su yi, wato ko ba za a bi sabuwar dokar haraji ba, tunda ta fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yuni, 2025, ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko, kuma ta ɗaga diyyar rasa aiki da ba a taɓawa zuwa naira miliyan 50. Amsarsa ita ce kuɗin 2024 da ma'aunin 2024 ake auna su, watau da tsohon rangwamen naira 200,000 da kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga da ake warewa kafin a lissafa haraji, da matakan haraji daga kashi 7 zuwa 24. Akantan da bai damu ba zai iya haɗa biyun don ya faranta wa mai kawo aiki rai, daga baya hukuma ta dawo da fom ɗin.

Kan ainihin tambayar, ko a gyara ko a yi shiru, bai yi kwana-kwana ba. Ya ce kamfani ya riga ya miƙa Fom H1 ga hukumar tara kuɗin shiga ta jiha kafin 31 ga Janairu, da sunan kowane ma'aikaci da abin da aka biya shi, kuma doka ta ba hukuma shekara 6 ta koma baya ta sake lissafi. Wanda ke shirin neman takardar shaidar biyan haraji, wadda ke duba shekaru uku da suka wuce, gara ya kai kansa da a kira shi, domin tara da kuɗin ruwa suna ƙaruwa ne da daɗewar lokaci. Na gamsu da wannan hujja, musamman ganin cewa bai tsoratar da mu da maganar kotu ba, kuma bai yi tayin "sanin wani a ciki" ba, abin da ya zama ruwan dare a wannan harka. Ya kuma faɗa mana cewa da a ce diyyar kaɗai aka manta, wasiƙar bayani ma ta wadatar.

Ofishin yana da nasa rauni. Babu jadawalin farashi a rubuce, sai an zauna ake yanke kuɗi, kuma rasit sai da muka nema aka ba mu. Wasiƙar da suka rubuta wa hukuma da Turanci ce zalla, ba su kuma ba da taƙaitaccen bayani da Hausa ba, duk da cewa yawancin masu hawa benen nan sun fi fahimtar Hausa, kuma su ne za su sa hannu. Idan mai ofishin ya fita, yaran da ke wurin ba sa iya amsa komai sai "sai Oga ya dawo", ga shi ba a cika samunsa a waya ba.

Duk da haka, ga wanda aka sallama daga aiki kuma yake shakkar abin da ya rubuta, ina ganin kuɗin da za a biya a nan ba asara ba ne. Ya tafi da takardar sallama, da lambar harajinsa, da bayanan banki, da sanarwar kamfanin fansho, ya daidaita farashi kafin a buɗe fayil. Ya kuma duba bango: mai wannan ofishin ya rataye takardar zamansa ɗan ƙungiyar ƙwararrun haraji ta CITN, da lambar rajistarsa a jiki.