Tirenin ɗin Koci a filin firamare, ga abin da na gani

Mutane sun dame ni da tambaya a kan tirenin ɗin ƙwallon da Koci yake yi wa yara a filin firamaren garinmu, nan gefen Ringim, wai ko ya kai kuɗin da yake karɓa. To ɗan ƙanena yana zuwa kuma ni nake biya, dubu 2 a wata ban da kuɗin jesi, don haka bari in faɗa a nan kowa ya ji in huta.

Ga wanda bai san shi ba, asalinsa malamin wasanni ne a sakandaren kwana, shi ya riƙe tim ɗin makarantar shekara da shekaru, daga baya ya samu canji zuwa wata kwalejin ilimi, can ma aka damƙa masa tim har ya kai su gasar NICEGA wadda kwalejojin ilimi ke yi a tsakaninsu, kamar yadda jami'o'i ke da NUGA su kuma 'yan poli NIPOGA. Ya yi kwas ɗin koci a NIS, wato cibiyar koyar da wasanni ta ƙasa da ke Surulere a Legas, na ga takardar da idona. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida ya tara yara.

Abin da ya sha faɗa mana a majalisa shi ne aikin sakandare da na kwaleji ba ɗaya ba ne ko kusa. A kwaleji ƙato ne zai zo maka da halinsa, wani ma da matarsa da 'ya'ya, in bai iya buga bal da hagu ba to shi ke nan ya riga ya bushe a haka, iyakarka ka shirya tsari ka ce kai tsaya nan kai koma can, ga lakca ga jarrabawa ga tafiya koyarwar gwaji, rabin tim ba sa nan ranar da kake nemansu. Amma yaron sakandare ɗanye ne, duk yadda ka lanƙwasa shi haka zai tafi. Kuma wlh a tirenin ɗinsa za ka ga wannan tunanin, don makonnin farko ko raba tim ba ya yi. Tarbar bal, fasin da cikin ƙafa, ɗaga kai kafin ka bayar, hagu, hagu, hagu har yara suka fara ƙunƙuni wai su wasa suka zo yi. Ni ma sai da na tare shi na ce, Malam, yaushe za su fara buga wasa ne? Ya ce, Alhaji, bari su iya tsayar da ita tukuna. Yaronmu da a da in bal ta zo masa sai dai ya rufe ido ya narka ta gaba, yanzu yana tsayarwa ya duba ya miƙa wa na kusa. Ko kuɗina ya tsaya a nan ban yi asara ba.

Abin da ya fi burge ni kuwa, ba ya sayar wa yara mafarkin Turai. Kun dai san masu yawo ƙauye-ƙauye suna karɓar kuɗin fom wai za a kai yaro gwaji waje, uba ya sayar da rago ko ya jinginar da gona, daga nan lambar waya ta daina shiga. Shi Koci lissafi yake musu, ya ce Ahmed Musa sai da ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Holan, Rabi'u Ali Pele kuma a nan gida ya yi sunansa, da shi Pillars ta ɗau kofin lig a 2012 da 2013 da 2014. Burinsa dai yaro ya shiga tim ɗin makarantarsu, in da rabo a gan shi a irin su Kofin Ramat da ake yi a Kano. Rage shekaru kuwa kar ma ka fara, takardar haihuwa yake karɓa ranar farko, yana cewa 'yan ƙasa da 17 yanzu na'urar MRI ake sa wa ta ɗauki hoton ƙashin wuyan hannu don a gano shekaru, ƙarya ba ta wucewa. Ƙarshen zango sai yaro ya kawo sakamakon jarrabawa, wanda ya faɗi benci zai zauna ko shi ne sitiraikan da ake ji da shi. Lokaci ma ya tsara shi da hankali, Alhamis da Juma'a bayan la'asar tunda ba Islamiyya, sai Asabar da sassafe.

Sai inda ban ji daɗi ba. Filin nan ƙarangiya ce ko'ina, awaki na ratsawa ana cikin wasa, tirakun gola ba raga. Bal ɗin ba su wuce a ƙirga da hannu ɗaya ba ga yara fiye da aji guda, rabi na yi rabi na tsaye suna hamma. Babban abin da ya tsaya min a rai babu ko ɗan akwatin magani, ranar da wani yaro ya yi targaɗe a babur aka kwashe shi zuwa wurin mai ɗori, ko bandeji babu, kuma mutumin da ya yi NIS ya fi ni sanin wannan ba daidai ba ne. Bakinsa ma akwai zafi, har yanzu salon makarantar kwana yake yi, tsawa da tsallen kwaɗo ga wanda ya makara, yaro mai sanyin zuciya zai iya gudu. Da damina kuma bai cika yi wa masu zuwa gona uzuri ba, alhali a garin nan yaron da bai je noma ba da safe ai sai dai in ba shi da lafiya.

Wanda ɗansa yake tsakanin shekara 10 zuwa 15 ya kai shi, in ya haura haka gara ya nemi kulob ɗin unguwa. Kar ka sayi sabon but, gwanjon Ƙofar Wambai ya isa, ƙafarsu girma take yi kullum. A haɗa yaro da gorar ruwansa don babu famfo a filin, kuma ya ce sai bayan girbi zai ɗauki sababbi.