Kosta ɗaya ko Homa biyu don kai amarya Katsina?

Hajiya kin tambaya ko Kosta ɗaya (babbar bas) za ki ɗauka ko Homa biyu (ƙananan bas) don 'yan kai amarya su 28. Ki ɗauki Kosta kawai ki huta, mutum 28 ɗin nan naki za ta kwashe su tas tunda kujerunta sun kai wajen 30.

Shata, wato ba da hayar mota sukutum, sana'ar gidanmu ce. Baba da lodin Zariya zuwa Kano ya fara, to da gwamnatin Babangida ta kawo shirin motocin sufuri a 1988 sai motocin gwamnatocin jihohi suka cika hanya, kuɗinsu ƙasa da na 'yan kasuwa, shi ne ya bar layin tasha ya koma shata, biki, rakiyar alhazai, yawon ɗaliban ABU. Kostar da ya bar mana har gobe tana aiki, mun taɓa kai wata amarya Malumfashi da ita, gwaggonni suka baje a baya da ƙwarya ana ta guɗa tun daga Samaru har muka wuce Funtuwa, kulolin abinci a tsakiya, babu wadda ta ce ƙafarta ta sage, uwar amarya ma da ta sauko sai da ta ƙara wa direba wani abu.

Lissafinsa kuma a fili yake, direba ɗaya, tanki ɗaya, kuɗin kwana ɗaya in an kwana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mai ne ke cinye kuɗin shata, kuma ki sani ko mota ta dawo ba kowa ke za ki biya man dawowa, mota biyu kenan biya biyu.

Homa dai ba laifi, ta fi gudu, amma mutum 18 ɗin da ake cewa tana ɗauka a matse ne, kuma dole wata ta tsaya jiran wata.

Sannan don Allah ki yi hattara da 'yan kamasho. Za su nuna miki mota fes mai AC, su karɓi kafin alƙalami, ranar biki a turo wata kwarababbiya ko 'yar Chaina mai kama da Kosta a ce waccan tana gareji. Ki tura ɗanki ya ga mai motar ido da ido, ya duba tayoyi, a rubuta lambar motar a rasit da wanda zai sayi mai, kar ki ba da fiye da rabin kuɗin kafin ranar. Ku tashi da sassafe ku isa da rana.