Ziyarar Gidan Zuhudu na Sant Katrin a Sina'i

Mun isa ƙofar Sant Katrin da hantsi, bayan mun kwana muna hawan Jabal Musa, kuma wannan shi ne babban kuskurenmu, domin kamfanin da ya shirya mana tafiyar bai ba mu ko sa'a guda a ciki ba, alhali gini ne da ya tsaya tun ƙarni na 6 ba a taɓa daina ibada a cikinsa ba.

Sarkin Rumawa Justiniyan ne ya sa aka gina shi tsakanin 548 da 565 a gindin dutsen, ya kewaye shi da ganuwa mai kauri ta jan dutsen wurin, har mai hange daga nesa ya ɗauka sansanin yaƙi ne. Cikin babban cocin akwai ginshiƙan dutse 12, kuma katakan da ke riƙe da rufin na asali ne, ɗauke da rubutun da ya ambaci sarkin da matarsa Tiyodora. A bayan cocin akwai wata bishiya, wadda ruhubanawan suka yi imani a wurinta Allah Ya yi magana da Annabi Musa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masallacin da ke cikin ganuwar tun 1106, zamanin Faɗimiyawa, hasumiyarsa daf da hasumiyar ƙararrawa ta 1871. Na daɗe ina kallonsu, har abokan tafiya suka yi gaba suka bar ni. A wani ɗan gidan tarihi da ke cikin ganuwar kuma an ajiye kwafin takardar amana da ruhubanawan ke danganta wa Annabi Muhammad (SAW), tare da zanen Almasihu na ƙarni na 6 da aka yi da narkakken kakin zuma. Ɗakin karatun, mai tsofaffin littattafan hannu sama da 3,000 cikin Girkanci da Larabci da Suryananci, ba a shigar da kowane baƙo.

Da safe kawai ake buɗe wa masu ziyara, Lahadi kuwa a rufe yake, saboda haka cunkoso ba ya yankewa a lungunan. Shawarata ita ce a kwana a garin da ke kusa da wurin, a shiga da zarar an buɗe, a bar hawan dutse sai washegari.